Yadda Ake Auna Ƙululun Huhu da Hoton CT ga Mai Ciwon Daji

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga ma'aikatan asibitocin karkara da masu jinya: an ga ƙululu a huhun mara lafiyarmu, wancan karon milimita 7, wannan karon 8, ciwon ya ci gaba ke nan? Wata baiwar Allah daga wajen Gwaram, wadda aka yi wa aikin sankarar mama, sai da ta kwana uku ba ta ci abin kirki ba saboda wannan milimita ɗaya. Hoton CT yanka-yanka yake nuna cikin jiki, kamar an yayyanka burodi. Da muka jera hotunan biyu, sai ga shi na farko an yanka shi da kaurin milimita 5, na biyu milimita 1. Ƙululun yana nan yadda yake. Duk wanda ya sayi gero da tiyar wata kasuwa ya sake aunawa da ta gida ya san irin wannan rigimar.

Abin da likitocin hoto suke kira ƙululu shi ne ɗan dunƙule a cikin huhu da bai wuce milimita 30 ba, wato kamar matsakaicin goro. In ya wuce haka ya zama ƙari. Ƙwayar gero ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, dawa wajen 4, wake wajen 8 zuwa 10. A wannan ƙanƙantar ake aiki, don haka kuskure kaɗan yakan sa a sauya wa mutum magani ba gaira ba dalili, ko a bar shi a kan maganin da ya daina yi masa aiki. Wasu matakan na likita da mai ɗaukar hoto ne, wasu na 'yan uwa, amma ina so kowa ya karanta duka.

1. Takardar neman hoto

Rabin aikin a nan yake lalacewa. Takarda takan zo da kalma biyu kacal, hoton ƙirji, sai sa hannu. Likitan da ya turo ya rubuta irin ciwon dajin da inda ya fara (mama, hanji, ƙoda, ƙashi, mahaifa), ranar da aka yi aiki, maganin da ake yi da ranar da aka fara shi, da ko an taɓa yin CT a baya, a ina, yaushe. Ya faɗi ko mara lafiyar ya taɓa yin tarin fuka. Sannan ya rubuta ƙarara cewa yana son yanka mai kaurin milimita 1, kada ya wuce 1.5, a jere ba tsallake, daga saman huhu har ƙasansa.

Hattara: rubuta HRCT kawai, wato CT mai siririn yanka na duba huhu, bai wadatar ba. A tsohon salon HRCT, inji yakan ɗauki siririn yanka ɗaya, ya tsallake wajen milimita 10, ya sake ɗaukar wani. An tsara shi ne don ciwon da ya game huhu. Ƙululu mai girman dawa yana iya faɗawa cikin tsallaken, a ce huhu lafiya lau.

Idan za a fara allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, hoton farko ya zama kusa da ranar farawa, kada ya wuce mako huɗu kafin ta. Da shi za a riƙa kwatanta duk na baya.

2. Kuɗi da shirin tafiya

Daga Ringim, Gumel, Kazaure, Rano ko Ɗambatta, yawanci sai an shigo Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko ɗaya daga cikin cibiyoyin hoto masu zaman kansu. Mutanen Birnin Kudu da Gwaram sukan fara tambaya a Dutse. Ko ina ne, a buga waya tukuna. A tambayi abu huɗu: injin yana aiki ranar? Yana fitar da yanka na milimita 1? Nawa ne da allurar da ke haska jijiyoyi, nawa ne babu ita? Kuɗin ya haɗa da faifai da rahoton likitan hoto?

Kuɗin hoton ba shi kaɗai ba ne. Akwai kuɗin mota na mutum biyu, gwajin jinin ƙoda idan za a yi allura, wani lokaci kwana a gari don jiran rahoto. Abin da iyalai suka fi mantawa shi ne hoto ɗaya ba ya ƙare magana. Za a sake wani bayan watanni, kuma na biyun ne yake ba na farkon daraja. Idan za a sayar da akuya ko buhun riɗi, a yi lissafin hoto biyu tun yanzu. Wanda yake cikin tsarin taimakekeniyar lafiya, KSCHMA a Kano ko JICHMA a Jigawa, ya je ofishinsu da takardar likita kafin ya biya, ya ji abin da tsarinsa ya ɗauka.

Hattara: kada araha ta sa a sauya wuri a hoto na biyu in ba dole ba. Inji ɗaya, saiti ɗaya, shi ne ya fi ba da awon da za a dogara da shi.

3. Shirya mara lafiya

Auna ƙululu kansa ba ya buƙatar allura, domin iskar huhu baƙa take fitowa, ƙululun kuma fari. Amma mai ciwon daji sau da yawa ana son a duba kaluluwar tsakiyar ƙirji da hanta a lokaci ɗaya, a nan ne ake yin allurar. Idan za a yi, a zo da sakamakon gwajin ƙoda, a faɗi idan allurar ta taɓa tayar masa da borin jini ko sarƙewar numfashi, a faɗi idan yana shan metformin na ciwon suga. Mace ta faɗi idan tana da juna biyu ko tana zaton haka.

A cire duk wani ƙarfe daga wuya zuwa cibiya: sarƙa, rigar mama mai ƙarfe, maɓalli, fil ɗin mayafi, laya da guru. Ƙarfe yana watsa farin zane a hoto ya rufe wurin da ake nema. Tsofaffi sukan ji nauyin cire laya a gaban mutane, sai a ba su wuri su cire da kansu, a ba ɗan rakiya ya riƙe.

Sai numfashi, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci cikin abin da ɗan uwa zai iya taimakawa da shi. Ana ɗaukar hoton ne mutum yana kwance rigingine, hannuwa sama da kai, ya ja numfashi ya cika ƙirji ya riƙe na 'yan daƙiƙu. Injuna da yawa da Turanci suke ba da umarni, Baba kuwa bai ji ba, sai ya ci gaba da numfashi, hoton ya girgiza, gefen ƙululun ya baje. Tun a gida a koya masa: "Baba, ja numfashi sosai, riƙe, kada ka motsa," a ƙirga zuwa goma, a maimaita sau biyar ko shida. A ɗakin hoto kuma a roƙi mai ɗauka ya faɗa da Hausa ta lasifika.

Hattara: idan a hoton farko ƙirji ya cika da iska, a na biyu rabi, girman ƙululu zai bambanta, kuma ƙasan huhu zai yi hazo-hazo kamar akwai ciwo. Wadda aka yi wa aikin mama ba ta iya ɗaga hannu ɗaya, ta faɗa, a rubuta yadda aka kwantar da ita don a maimaita haka nan gaba. Idan mara lafiya yana cikin zazzaɓi da sabon tari, kamar yadda ake yawan yi da hunturu, a sanar da likita kafin a ɗauka, domin ciwon sanyin huhu yana fitar da ɗige-ɗigen da suke ɓacewa bayan magani.

4. Ɗaukar hoton

Wannan na mai ɗaukar hoto ne. Ɗauka ɗaya a numfashi ɗaya, daga saman huhu zuwa ƙasan haƙarƙari. A fitar da jerin sirara na milimita 1 da saiti mai kaifi don huhu, da wani jeri mai laushi don nama, sannan a ƙara hoton da ke nuna ƙirji ta fuskar gaba da wanda ke nuna shi ta gefe. Kafin mara lafiya ya sauko daga gado, a duba ko hoton ya girgiza. Sake ɗauka a lokacin ya fi sauƙi a kan kiran mutum daga Haɗeja.

Dalilin nacewa a kan siririn yanka shi ne, inji yana haɗa duk abin da ke cikin kaurin yanka ɗaya ya ba shi launi ɗaya. Ƙululu mai milimita 4 a cikin yanka mai milimita 5 yana gauraya da iskar da ke sama da ƙasansa, sai ya fito a dushe, gefensa ba iyaka, har a ɗauka mai hazo ne alhali daskararre ne.

5. Kada a bar wurin ba faifai

Fim ɗin da ake sakawa a babbar ambulan hotuna ne 'yan kaɗan da aka zaɓo aka ƙanƙanta, alhali sirara sukan kai ɗari uku ko fiye. Ba a awon milimita a kan fim. Hoton fim da aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp kuwa ko kusa bai isa ba, duk da shi aka fi turo mini. A karɓi faifan sidi ko filashi mai ɗauke da ainihin fayil ɗin DICOM, wato hoton yadda inji ya fitar da shi, a tabbatar an saka jerin sirara a ciki. Wasu wuraren masu kauri kaɗai suke kwafewa don sun fi saurin shiga.

Hattara: injuna suna goge tsofaffin hotuna idan ma'ajiyarsu ta cika. Kada a ce ai yana wurinsu. A rubuta suna da kwanan wata a jikin faifan, a saka a leda, a ajiye a akwati nesa da rana da ƙura. In da hali a kwafe shi a wani filashin. A tafi da shi duk zuwa asibiti.

6. Buɗe hoto da saita shi

A buɗe a kwamfuta da manhajar duba hoton asibiti, irin su RadiAnt ko MicroDicom, ko wadda ta zo cikin faifan. A zaɓi jerin sirara mai kaifi. A sa saitin hasken huhu, faɗi 1500, tsakiya -600. A bi huhun dama daga sama zuwa ƙasa, sannan na hagu, ba gaggawa. Jijiyar jini da aka yanka a gicciye ita ma da'ira take fitowa. A bi ta sama da ƙasa: jijiya tana ci gaba tana rassa, ƙululu kuwa yana bayyana ya ɓace.

Akwai salon MIP da yake tara yanka da yawa wuri ɗaya. Yana da kyau wajen gano ƙanana, amma ba a awo a kansa. Da an gani, a koma siririn yanka.

Hattara: kada a auna a saitin nama. A can gefen ƙululu yakan ɓace ya fito ƙarami fiye da yadda yake. Amfanin saitin nama shi ne duba abin da ke cikinsa: ko ya sandare ya yi fari fat kamar ƙashi, wanda yawanci tabon tsohon ciwo ne, ko akwai kitse a ciki. Sai dai a mai sankarar ƙashi wannan farin ba ya kwantar da hankali, domin abin da take watsawa huhu ma yakan sandare.

7. Awon kansa

A faɗaɗa hoton sosai, har ƙululun ya cika wani sashe na allo. A nemi yankan da ya fi faɗi a cikinsa. A ja ma'auni daga gefe zuwa gefe ta inda ya fi tsawo. Sannan, a wannan yankan dai, a ja na biyu a gicciye da na farko ta inda ya fi faɗi. Ma'aunin ya tsaya daidai bakin ƙululun. Kada a haɗa da jijiyar da ta manne masa, ko 'yan zare-zaren da suke fita daga jikinsa.

Ƙa'idar 2017 ta ƙungiyar Fleischner, ta masana hoton ƙirji, ita ce, wanda bai kai milimita 10 ba a haɗa tsawo da faɗi a raba biyu, a kai shi cikakkiyar lamba mafi kusa. Mai 7 da 5 ya zama 6. Mai 9 da 6 ya ba da 7.5, a rubuta 8. Wanda ya kai 10 zuwa sama a rubuta lambobin biyu duka. Wanda bai kai milimita 3 ba kada a wahalar da kai, a ce ɗan mitsitsi ne a faɗi inda yake. Rubuta 6.37 ƙaryar daidaito ce, hannun mutum da idonsa ba su kai nan ba.

A leƙa hoton gaba da na gefe. Wani ƙululun dogo ne daga sama zuwa ƙasa. Idan a can ya fi tsawo, a auna a can, a rubuta cewa a can aka auna.

Ƙululu iri uku ne: daskararre, mai hazo wanda ake hango jijiyoyi ta cikinsa kamar bishiya a hazon hunturu, da mai haɗe da biyun. A na ukun awo biyu ake yi, girmansa gaba ɗaya da girman daskararren tsakiyarsa. Tsakiyar ce abin sa wa ido. Tana iya girma alhali da'irar waje ba ta motsa ba.

A rubuta lambar jeri da lambar yanka na kowane awo, da sashen huhun da yake. Wanda zai auna bayan wata uku zai yi maka addu'a.

8. Kwatantawa da tsohon hoto

A buɗe tsoho da sabo gefe da gefe, kauri ɗaya, saiti ɗaya, kuma mutum ɗaya ya sake auna duka biyun a zama ɗaya. Kada a kwatanta sabon awo da lambar da ke cikin tsohon rahoto. Likitoci biyu suna iya auna ƙululu ɗaya su bambanta da fiye da milimita 1, kai ko likita ɗaya safe da yamma. Shi ya sa sai bambanci ya kai milimita 2 ake cewa ya girma. Idan hotuna uku ne, a duba har na farkon, domin mai tafiyar hawainiya ba ya nunawa tsakanin biyun ƙarshe.

Amma kada wannan ya sa a raina milimita 2. Ƙululu dunƙule ne, yana girma ta kowace fuska. Mai milimita 8 cikinsa wajen kubik milimita 268 ne (ma'aunin cikin abu), mai 10 kuwa wajen 524, kusan ninki biyu. Ƙarin kashi 26 cikin 100 a faɗi ninki ne a jiki. Inda ake da manhajar auna cikin ƙululu, ana ɗaukar ƙarin kashi 25 cikin 100 a matsayin girma na gaske, da sharaɗin manhaja ɗaya ce aka yi amfani da ita a karon biyu.

Hattara: jadawalin Fleischner na cewa ƙarami ƙasa da milimita 6 ba ya buƙatar bibiya an yi shi ne don wanda aka tsinci ƙululu a huhunsa ba tare da yana da ciwon daji ba. Bai shafi mai ciwon daji ba. Na sha ganin an kwafe wannan jimlar a rahoton mai sankarar hanji, kuma abin yana sosa mini rai. Salon awon ake aro, lokacin dawowa kuwa likitan da ke kula da ciwon ne yake yankewa.

9. Lissafin ko magani yana aiki

Ga wanda aka tabbatar ciwon ya bazu kuma yana kan magani, ana bin tsarin RECIST 1.1 na 2009, wato ƙa'idar auna ko ƙari ya ragu ko ya ƙaru. A nan tsawo kaɗai ake ɗauka, ba a raba biyu. A hoton farko a zaɓi waɗanda suka kai milimita 10 zuwa sama kuma gefensu a fili yake, kada su wuce biyu a gaɓa ɗaya, biyar a jiki duka. Kaluluwa ta gajeren ɓangarenta ake aunawa, sai ta kai 15 take shiga. A tara lambobin.

Misali, biyu a huhu masu 24 da 16, ɗaya a hanta mai 20, jimla 60. Bayan kemo suka koma 15, 11 da 14, jimla 40. Raguwar ta kai kashi 33 cikin 100, ta haura 30 da ake nema, magani ya yi aiki. A hoto na uku jimla ta koma 49. Mai gaggawa zai ce ai har yanzu ƙasa da 60 ne. A'a, ci gaban ciwo da mafi ƙanƙantar jimla ake kwatanta shi, wato 40. Ƙarin milimita 9 ne, kashi 22.5 cikin 100. Ya cika sharuɗɗa biyun, kashi 20 da aƙalla milimita 5, don haka ciwon ya motsa. Fitowar sabon ƙari da aka tabbatar ma ci gaba ne, ko da tsofaffin sun ragu.

Hattara: waɗanda aka zaɓa a farko su ake bi har ƙarshe, ba a musanya. Wanda ya ƙanƙance har ba ya aunuwa a ba shi 5, wanda ya ɓace a ba shi 0.

10. Tarin fuka

A ƙasarmu ba kowane ƙululu a huhun mai ciwon daji ne yaɗuwar ciwon ba. Tarin fuka yana barin dunƙule, musamman a saman huhu, kuma akwai nau'insa mai watsa ɗige-ɗige ko'ina, wanda likitoci suka sa wa suna daga ƙwayar gero saboda kama. Kemo yana raunana garkuwar jiki, tsohon tari ya farka. Idan akwai tarin da ya wuce mako biyu, zufar dare, rama ko wani mai tari a gida, a kai kaki gwajin GeneXpert na gano tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Ma'auni girma yake faɗa, ba ya faɗar ko mene ne. Idan ƙululu ya kai girman da allura za ta same shi, kuma amsar za ta sauya magani, ɗibar ɗan nama a gwada ita ce take raba gardama.

11. Abin da za a nema a rahoto

Kafin a hau mota a koma gida, wani mai karatu a cikin 'yan rakiya ya duba ko rahoton ya faɗi kaurin yanka, adadin ƙululu da wurin kowanne, girmansa da milimita, irinsa, da ranar tsohon hoton da aka kwatanta da shi. Idan babu maganar kwatantawa alhali kun zo da tsohon faifai, a koma a roƙa cikin ladabi: "Likita, ga na watan baya, don Allah a haɗa su." Haƙƙinku ne, kuma yawanci ba a ƙi.

A kai rahoton da faifan wurin likitan da ya turo, shi zai faɗi ranar hoto na gaba. Masu karɓar kemo sukan sake bayan zagaye biyu ko uku, ƙaramin ƙululun da ba a tantance ba kuma sau da yawa bayan wata uku. Kada a matso da ranar don zullumi. Hoton da aka sake bayan mako biyu da wuya ya nuna bambancin milimita 2, sai asarar kuɗi da ƙarin haskawa a jiki. A rubuta ranar a bayan katin asibiti da lissafin watan Turawa da na Musulunci, a kuma duba ko ta faɗo tsakiyar damina ko lokacin girbi, don a tanadi ɗan rakiya da kuɗin mota tun da wuri.